Yadda Ake Gyara Magana Tsakanin Maigida Da Ma'aikatansa

Saura kwana 2 Ƙaramar Sallah mai kwaɓinmu ya ƙi zuwa aiki. A lokacin ina riƙe da littafin wani gidan burodi a cikin garin Gombe. Ni ne akawu, ni ne manaja, wata rana ma har ƙirgar gwangwani nake yi. Ga fulawa jibge a sito, an sauke itace, 'yan sari sun biya kuɗinsu tun jiya, amma mutumin da hannunsa ya san awon yis da sukari da bota babu shi babu dalilinsa. Wayarsa a kashe. Sai da rana ta take wani yaro mai wanke gwangwani ya matso, kansa a ƙasa, ya ce: "Manaja, ai ya ce ba zai dawo ba. Tun watan jiya yake faɗa."

Na ce, "Wa ya faɗa wa?"

Ya ce, "Ai kowa ma ya sani."

Kowa ya sani, ban da ni da Alhaji mai gidan. Ashe wata 3 baya an yi wani kwaɓi da ya ƙone a tanda, Alhaji ya ce a cire kuɗin a albashinsa. Na cire ban ce masa uffan ba, a zatona Alhaji ya yi masa bayani. Alhaji kuma a zatonsa ni na yi. Shi kuwa bawan Allah ya karɓi kuɗinsa ba su cika ba, ya ce "na gode", ya sa a aljihu. Ƙonewar ma laifin mai tanda ce. Wata 3 yana durƙusawa yana gaishe mu, abin yana cin sa a rai, har ya zaɓi ranar da tafiyarsa za ta fi yi mana ciwo.

Mu nan ai ba ƙarancin surutu ne ke damun mu ba. Kunya da kara ne suke tare maganar da ta fi muhimmanci. An rene mu a kan kada ƙarami ya ɗaga ido ya kalli babba, kada ya ambaci kuɗi da bakinsa, kada ya ce "ban gane ba". Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na cikin masu cewa a yar da ita. Sai dai tunda haka muke, wanda yake sama shi ne zai share hanyar da magana za ta riƙa isowa gare shi ba tare da wani ya yi rashin kunya ba. Abin da na koya ke nan bayan waccan Sallar, kuma matakan da ke biye na gwada su da hannuna. Da gidan burodi zan fi yin misali don shi na sani, amma a unguwannin Gombe, mai shagon ɗinki a Jekadafari, da mai injin matsar gyaɗa a BCGA, da mai makarantar kuɗi a Pantami, duk za su ga kansu a ciki.

Mataki na 1: Gano inda maganar take maƙalewa

Kada ka fara da kiran taro. Ka ɗauki mako guda kana jan ma'aikatanka gefe ɗaya bayan ɗaya, cikin hira, ka yi wa kowa tambaya 3. Nawa ne albashinka kuma ran nawa ga wata ake biyan ka? Wa yake sa ka aiki? In wani abu ya dame ka a wurin nan, wa kake faɗa wa?

Rubuta amsoshin bayan sun tashi, kada ka rubuta a gabansu, don da zarar mutum ya ga biro zai ɗauka tuhuma ce. Ran da na yi wannan na sha mamaki. Mutum biyu masu aiki iri ɗaya kowa da abin da yake zaton shi ne albashinsa. Tambaya ta uku kuwa, kusan kowa amsa ɗaya ya ba ni: "Sai dai haƙuri, Manaja." Duk inda ka ji wannan amsa, to akwai aiki a gabanka.

Mataki na 2: Faɗi kuɗi da baki tun ranar farko, kuma a rubuta

A nan mafi yawan rigingimu suke samo tushe, don haka bari in daɗe a kai. Kowa ya san yadda muke ɗaukar ma'aikaci. Wani dattijo zai kawo yaro ya ce, "Alhaji, ga ɗanka, a taimaka a riƙe shi." Alhaji ya ce, "Ba komai, ya fara gobe." In an yi katari an tambayi yaron nawa za a riƙa ba shi, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Duk abin da ka gani, Alhaji." Alhaji ya ce, "Ai ba za mu ɓata ba." Wallahi kalmar nan ta "ba za mu ɓata ba" ta ɓata zumunci da yawa. Yaro ya tafi gida da lissafinsa a kai, Alhaji ma da nasa, kuma sai ƙarshen wata lissafin biyu suke karo.

Addini ma bai yarda da jinga a dunƙule ba. Malaman fiƙihu sun shardanta a san lada, a san aiki, kafin a ƙulla ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Ko a ƙissar Annabi Musa, Alaihis Salam, da dattijon Madyana ya ɗauke shi aiki, sai da ya fayyace masa: shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne. In babban mutum irin wannan bai ji nauyin faɗin adadi ba, mu mene ne namu?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da farawa. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, wato irin mutanen da ke cike a gidajen burodi da injina da shagunanmu. Ni shawarata kada ka jira wata 3. Yi a ranar farko, a shafi guda, da Hausa. Abin da za ka sa:

Sunan aikin da abin da ya ƙunsa. In mai sa burodi a leda zai riƙa share wuri ma, a faɗa yanzu, kada gobe ya ce an mai da shi bawa. Lokacin zuwa da lokacin tashi, da ƙarfe. Albashi da ranar biya. Abinci, in akwai, sau nawa. Ranar hutu a mako. Abin da za a yi in an yi ɓarna. Yadda za a rabu in zama ya ƙi.

Sannan ka karanta masa da ƙarfi a gaban wanda ya kawo shi, domin ba kowa ne zai ce maka bai iya karatun boko ba. Ka tsaya bayan kowane layi. Dattijon nan da ya tsaya masa shi ne shaidarku, kuma shi ne bakin yaron, don abin da yaron ba zai iya tambaya ba shi zai tambaya. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a ba yaro kwafinsa, ko ya ɗauki hotonta a waya.

Wani zai ce rubutu alamar rashin yarda ce. Ka ce masa, "Baba, ba don rashin yarda ba ne, don mantuwa ne da mutuwa." Ban taɓa ganin wanda ya musa wannan ba.

Tsofaffin ma'aikata fa? Su ma a yi musu, amma ka fara da wanda ya fi daɗewa, ka nuna masa girmamawa ce. In ka fara da sababbi, tsofaffin za su ɗauka shirin korar su ake yi.

Mataki na 3: Baki ɗaya ya riƙa ba da umarni

Sana'o'inmu na gida ne. Alhaji ya zo da safe ya ce a yi kwaɓi 6. Ɗansa ya zo da hantsi ya ce a rage. Ƙaninsa ya bugo waya daga kasuwa ya ce a loda wa wani mai mota. Ma'aikaci ya rasa na wa zai bi, duk wanda ya bi kuma ɗayan zai ci masa mutunci. Maganin wannan zaman cikin gida ne, ba na ma'aikata ba. Ku zauna ku yanke wanda ke da bakin magana a kan aikin yau da kullum, a sanar a gaban kowa, sauran 'yan uwa kuma duk mai magana ya bi ta kansa. Alhaji da kansa ya fara kiyayewa, don in ya tsallake manajansa sau biyu, shi ke nan, kujerar ta mutu.

Mataki na 4: "To" ba ta nufin an gane

"To" a bakin ma'aikacinmu ladabi ce kawai. Tana iya nufin na ji, ko ban ji ba amma ina jin nauyin tambaya, ko na ji amma ba zai yiwu ba. Kada ka tambaye shi "ka gane?", don amsar kullum "e" ce. Ce masa: "Maimaita min in ji, kada ni ne na yi kuskuren faɗa." Ka ga ka ɗora yiwuwar kuskuren a kanka, shi kuma ya samu damar magana ba tare da ya ji kunya ba.

Ka guji "anjima", da "da wuri", da "kaɗan", da "kamar na rannan". Wurin direba "da wuri" bayan ya karya ne, wurinka kuwa kafin a idar da sallar asuba ne. Ce masa ƙarfe 6 motar ta bar ƙofa, burodi 200 na mai shayin tasha, 150 na mai shagon Bolari. In da lokacin salla kuka saba auna lokaci, babu laifi, amma a ce "ana idar da la'asar", kada a ce "wajen la'asar".

Ka tuna kuma Gombe ba Bahaushe kaɗai ke cikinta ba. A wurin aiki ɗaya za ka samu Bafulatani daga Dukku, da Batangale daga Billiri ko Kaltungo, da Batere, da Bawaje. Duk suna jin Hausa, amma ba kowa ne zai kama karin maganarka da zaurancenka ba. Umarnin aiki a faɗe shi a miƙe.

Sai maganar WhatsApp. Ƙungiyar ma'aikata a waya tana da amfani, musamman saƙon murya ga wanda karatu ke ba shi wahala. Amma rabin yaranka ƙaramar waya gare su, mai babbar ma ba kullum yake da data ko caji ba. Kada ka tura saƙo ƙarfe 11 na dare, da safe ka hau mutum da faɗa. Mu allo muka kafa a bango kusa da inda ake wanke hannu, ana rubuta aikin gobe da alli tun da yamma. Kuɗin allon bai kai na buhun gishiri ba, amma ya kashe rabin gardamar "ai ba a faɗa min ba".

Mataki na 5: Zaman mako, da abin da za ka yi da koken farko

Ware minti 15 a mako, rana ɗaya tsayayya, lokacin da aiki ya lafa. A zauna a tabarma ko benci, kai ma ka zauna tare da su. In kana kan kujera mai juyawa su suna tsaye hannu a baya, huɗuba za ka yi, ba za ka ji komai ba.

Kada ka ce "akwai mai magana?" Shiru za ka ji. Yi tambaya ƙarama wadda ta shafi kaya, ba mutum ba: "Me ya fi ba ku wahala a makon nan?" "Wane inji ne yake neman lalacewa?" Fara da mafi ƙanƙanta a wurin, domin in babban ma'aikaci ya riga ya ce komai lafiya, babu yaron da zai ƙaryata shi. Kai ne na ƙarshe a magana.

Makonni biyu ko uku na farko ba za ka samu komai ba sai "lafiya lau". Kada ka fasa. Wata rana wani zai gwada ka da ƙaramin abu. Mu namu gwajin fitila ce: wani ya ce ƙwan da ke bayan tanda ya mutu, suna aikin asuba a duhu. Abin dariya ne a ce an kai mako 3 kafin a faɗi wannan, amma duk idanu suna kaina. Kafin azahar na sa an sauya ƙwan. Mako mai zuwa aka kawo maganar safar hannu, na gaba aka kawo maganar abincin rana, kafin wata 2 aka fara taɓo maganar kuɗi. Da na ce "za a duba" na manta, da an rufe ƙofar har abada. Ka samu ƙaramin littafi kana rubuta kowane koke, kuma ka buɗe kowane zama da amsar na makon jiya. Amsa iri 3 ce: an yi, za a yi ran kaza, ko ba zai yiwu ba saboda kaza. Ta ukun ma amsa ce, kuma mutane suna ɗaukar ta fiye da yadda masu gida suke zato.

Mata masu aiki, irin masu ɗaure leda, da wuya su yi magana a cikin maza, kuma bai dace manaja ya keɓe da mace a ofis ba. Bar su su zaɓi babba a cikinsu, wadda suke kira Inna ko Anti, ta riƙa kawo maganarsu. Akwai abin da sai ta bakinta za ka ji, kamar matsalar bayan gida, ko wani namiji da yake takura wa yarinya, ko mai juna biyu da tsayuwa ta fara yi mata yawa.

Mataki na 6: Maganar kuɗi, musamman in babu su

In ka hango albashi zai yi jinkiri, faɗa tun kafin ranar ta zo. Mafi yawan masu gida ɓuya suke yi: ranar biya ta yi, Alhaji ya yi tafiya, manaja ya ɗaure fuska don kada a tambaye shi. Ma'aikaci kuwa ya riga ya yi wa mai shago da mai haya alkawari. Tara su ka ce: "Kuɗinmu sun maƙale wurin 'yan sari. Ran 30 zan ba kowa rabi, ran 7 in cika." Sannan ka cika, ko da rance za ka ci. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardun naira suka yi wuya, na ga wuraren da aka yi wa ma'aikata bayani aka raba musu ɗan abin da ya samu suka zauna lafiya, na kuma ga inda aka yi musu shiru suka watse. Hadisin nan da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, kuma doka ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda.

Cirar kuɗi kuwa, wadda ta jawo mana abin da ya same mu, ga ƙa'idarta. Kada a cire sisi sai an zauna da mutum, an ji ta bakinsa, an faɗa masa nawa ne kuma saboda me, tun kafin ranar biya. Mutane da yawa ba su san cewa sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa ba, kuma ko ɓarna ya yi da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cirewa. Duk abin da za a cire a wata ɗaya kuma bai kamata ya wuce kashi 1 cikin 3 na albashin ba. Na san ba haka ake yi a kasuwa ba. Amma ko ba ka tsoron doka, ka ji tsoron cire wa wanda ba shi ya yi laifin ba.

Rance da adibas a rubuta su a littafi, mai karɓa ya sa hannu, a faɗi nawa za a riƙa cirewa duk wata. Kyauta kuma a kira ta kyauta. Alhaji ya miƙa wa yaro kuɗi ranar sunan ɗansa, yaro ya yi ta godiya, ƙarshen wata ya ga an zare. Wannan ya fi rashin bayarwar ciwo.

Za su tambaye ka mafi ƙarancin albashi, don suna jin rediyo. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta kai shi naira 70,000 daga 30,000 na 2019. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. In naka wurin ƙarami ne, faɗa musu haka, amma kada ka tsaya nan. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mashin da na Keke Napep suka tashi, kuma yaron da ka ga ya fara makara wataƙila da ƙafa yake tahowa daga Tumfure. Tambaye shi kafin ka kira shi malalaci. In ƙari ba zai yiwu yanzu ba, nuna musu farashin buhun fulawa na bara da na bana, ka faɗi watan da za a sake duba maganar.

Mataki na 7: Gyaran kuskure

A keɓe, a ranar, a kan abu ɗaya. Kada ka tara laifin wata 6 ka juye wa mutum rana guda, kuma kada ka yi masa tsawa a gaban masu saye ko yaran da ke ƙarƙashinsa. Magidanci zai yafe maka rage masa kuɗi kafin ya yafe maka kunyata shi.

Ka bar habaici. "Wasu dai a wurin nan sun ɗauka ba a ganin su." Mai laifin zai yi kamar ba da shi ake ba, marasa laifi 5 kuma su kwana da zargin kansu. Ka kuma yi hattara da mai kawo maka rahoto a ɓoye. Ranar da ma'aikata suka gane kana da ɗan rahoto a cikinsu, bakin kowa ya rufe, kai kuma ka koma ganin wurinka da idon mutum ɗaya mai nasa son zuciyar. Duk wanda ya kawo ƙarar wani, ce masa, "To, bari a kira shi." Za ka ga ƙararrakin sun ragu.

Yabo kuma a yi shi a bainar jama'a, a faɗi abin da mutum ya yi. Mun iya "sannu da aiki", amma "kwaɓin jiya ya yi kyau, har mai shayi ya bugo waya" ta fi zama a zuciya.

Mataki na 8: Ku zauna da kalanda tun kafin lokaci

Kowace shekara abubuwa ɗaya ne ke ba mu mamaki kamar ba mu san da zuwansu ba. Ruwa ya zauna, yara su ɓace su tafi shuka. Kaka ta yi, su tafi cire masara da roron wake. Azumi ya zo, lokacin aiki ya rikice. Ga Sallah, ga Kirsimeti da 'yan Tangale-Waja ke tafiya gida. Wata guda kafin kowanne, tambayi kowa yaushe zai tafi, kwana nawa, wa zai riƙe masa. Musulmi su riƙe wa Kirista Lahadi da Kirsimeti, su kuma su riƙe musu Juma'a da Sallah. Mutum yana ƙirƙiro rasuwar kakarsa ne in ya san gaskiya ba za ta sama masa izini ba. Doka ma ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa, ta kuma ba kowane ma'aikaci hutun kwana guda a kowane mako.

Mataki na 9: Kai kuma ma'aikaci

In bera da sata, daddawa ma da wari. Shirun da kake yi kana ƙunƙuni a bayan tanda ba ya ƙara maka ko kwabo, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Zaɓi lokaci. Kada ka tare maigida yana cikin baƙi, ko yana lissafi, ko ya fito daga faɗa da mai kawo fulawa. Ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ina da 'yar magana in ka samu sarari." Da ka samu zama, kawo abu ɗaya, da adadinsa, kuma ka sa shi a siffar tambaya: "Albashin watan nan na ga babu naira 5,000. Ban sani ba ko akwai abin da na yi, shi ne na ce bari in tambaya don in kiyaye." Babu rashin kunya a wannan, kuma ka bar masa hanyar gyarawa ba tare da ya ji an ƙure shi ba. Kada ka ce "kowa ma yana kuka", don zai tambaye ka su wa, ka jefa 'yan uwanka a ciki. In bakinka ba zai iya ba, koma wurin wanda ya kawo ka, ko babban ma'aikacin da maigida ke jin nauyinsa.

Riƙe ɗan littafinka: ranar da ka fara, abin da aka ba ka kowane wata, rancen da ka ci. In an sa ka aikin da ka san ba zai ƙare a lokacin ba, faɗa tun da safe. "Zan kai 4, na biyar sai gobe" ta fi "to" da za ta zama ƙarya da yamma.

In an bi duk wannan haƙƙinka bai fito ba, akwai shugabannin ƙungiyar sana'arku, akwai mai unguwa. Sama da su akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke kowace jiha, inda jami'ai ke sasanta irin wannan, da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a. Ƙarshen hanya ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Duk inda ka je takarda za a fara tambayar ka, shi ya sa na nace a kan mataki na 2.

Mataki na 10: In rabuwa ta zo

Kada a wayi gari a ce wa mutum "daga yau kada ka sake zuwa", kada kuma ma'aikaci ya kashe waya ya ɓace. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara sanarwa, kuma ta hau kan ɓangarorin biyu: kwana 1 in aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 in ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Sanarwar da ta kai mako guda a rubuce ake ba da ita. A yi lissafi a gabansa, a biya shi cas, a kira wanda ya kawo shi ya shaida.

Bayan kuɗinsa sun shiga aljihu, ba kafin nan ba, zauna da shi ka tambaye shi me ya kamata a gyara a wurin. Mai tafiya ba ya tsoron kora, don haka a bakinsa za ka ji abin da masu zama suka shekara suna haɗiyewa.

Ni ban samu wannan zaman da mai kwaɓinmu ba sai bayan wata 4, da muka yi kiciɓis a Tudun Hatsi yana cinikin masara. Muka gaisa, na ja shi gindin wata rumfa, na ce masa na gano ba shi ya ƙona kwaɓin ba. Ya yi murmushi ya ce, "Manaja, ai ya wuce." Na koma na faɗa wa Alhaji, ya yi shiru, sannan ya ce in ɗauki kuɗin a aljihun tebur in kai masa har gida. Na same shi a ƙofar gida bayan magariba. Ya karɓa, ya tsaya a ƙarƙashin fitilar maƙwabcinsa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, abin da bai taɓa yi a gabana ba duk zamanmu. Ya ce sun cika, ya ce in gaida Alhaji. Lokacin ya riga ya kama aiki a wani gidan burodin a hanyar Biu.